Wayar Bakin Matakala

Shekara ashirin da shida tana zaune
kan ɗan teburin bakin matakala
a gidanmu na Sheffield,
launin madara, igiya a murɗe
kamar hanjin rago ranar Layya.

Takarda ta zo daga kamfani:
wai zamanin tagulla ya ƙare,
muryoyi za su koma bin intanet.
Na danne ta da gwangwanin shayi
wata biyu cur, ko za su manta da ni.
Ba su manta ba.

Yaron da suka aiko, Kieran,
ya tuɓe takalmi tun ban roƙa ba,
ya durƙusa gaban bango kamar mai gaida suruki,
ya zare wayar daga ramin da ta saba,
ya soka ta a ƙeyar wani baƙin akwati
mai ƙifta koren ido.
Ya ce lambata na nan, ba abin da ya taɓa ta.
Minti goma sha biyu.
Shayin da na zuba masa ko hucewa bai yi ba.

Lambar nan Inna ta haddace ta
kamar Ƙulhuwallahu,
ita da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.
Takan shiga mota daga Malumfashi,
ta bi layi a gidan waya har azahar
don minti uku.
Muryarta kan iso a makare,
tawa ta tashi da wuri,
mu yi karo a tsakiyar teku:
ina cewa na'am, tana cewa kana ji na?
Sai ta tambayi sanyi. Sai kuɗi ya ƙare.

Igiyar ba ta kai falo ba,
shi ya sa duk labarin gidan nan
a matakala aka ji shi.
Kan mataki na uku na zauna, ƙafa ba takalmi,
daren da aka ce in yi haƙuri da Inna.
Nan Ummita ta ja igiyar har ta miƙe sambal
tana raɗa da wani ɗan Bradford
wanda yau 'ya'yansa ke ce mini Kaka.

Kieran ya gargaɗe ni kafin ya fita:
in wuta ta ɗauke, wayar ma ta tafi.
Na yi dariya har da tari.
Na ƙetare hamada, na ƙetare ruwa,
ashe ɗaukewar wuta ta riƙe adireshina.
Waccan tsohuwar ba ruwanta da mita,
ko gari ya yi duhu ɗib,
ka ɗaga, ka ji tana numfashi.

Abu ɗaya bai faɗa ba,
ni ma ban san in tambaya ba.
Muryar Saude ba a cikin wayar take ba,
tana can ajiye a wurin kamfani:
ba ma gida, a bar saƙo,
da Turancinta mai ƙanshin Katsina,
da ƙarar murfin tukunya a bayanta.
Shekara huɗu tun da muka kai ta makwanci
ina kiran gidana daga tashar bas,
in bar ta ta yi ta ringi
har Saude ta ɗauka.

Ranar Laraba na kira.
Wata baturiya ta amsa, mai ladabi,
ba ta san kowa a gidan ba.

Da magariba Ummita ta bugo.
Baba, ka ji yadda take fita tas?
Rabin kuɗin da kake biya fa!
Na ce na ji, Allah ya yi albarka.
Gaskiya ta faɗa, kamar tana kicin.
Har jikana na ji yana tauna biskit.

Ta ce za ta sayo mini marar igiya,
in riƙa amsawa daga gado.
Na ce to.
Ina zaune kan mataki na uku,
ina kallon ramin bango, fari, ɗan ƙarami.
Da na tura teburin taku ɗaya ya rufe shi.
Ban tura ba tukuna.